Noman Ranin Tsutsa a Bayan Gidana

"Baban Hanifa, hito! Karenka ya hwaɗi!"

Lomar ɗumame tana tsakanin kwano da bakina lokacin da mai ɗakina Lantana ta kwarara wannan ihu. Na yi waje ko takalmi ban tsaya nema ba. Can gindin dogon yaron bayan gida na tarar da Barkono a yashe, haƙarƙari duk a waje, numfashi sama-sama. Na ɗaga leɓensa. Dasashin da na sani ja wur ya koma fari fat. Kashin da ya yi kuwa baƙi ƙirin kamar kwalta, abin da mu 'yan layinmu sai mun hau babban titi muke gani.

Masu karatu, kafin wani ya ce Ɗanasabe ya tsufa ya koma yaron kare, bari in faɗa muku yadda aka yi. Barkono amana ne. Na abokina Mas'udu ne, Bafulatanin wata ruga kusa da Tsibiri. Abin da ya tashi rugarsu ba sai na faɗa ba, duk ɗan yankin nan ya sani. Ya kwashi iyalinsa zuwa gidan surukansa a Bakura, gidan suruki kuwa ba a shigarsa da kare. Ya biyo ta Mafara ya danƙa mini igiya ya ce, "Ɗanasabe, shi kaɗai ya rage mini daga garke. In ƙura ta lahwa ina zuwa in ɗauke shi." Ya juya da sauri don kada in ga idonsa.

Gidana shi ne na ƙarshe a bakin gari. Tun zuwan Barkono ko akuya ba ta sake ɓata a layinmu ba. Masu girma sun yi mana alkawarin tsaro, sun yi mana na fitilun kan hanya, kuma muna godiya, don alkawari ma ba kowa ake yi wa ba. Amma abin da ke sa mu runtsa ido shi ne haushin karen nan.

Matsalarsa ɗaya, tsutsar ciki. Na ba shi magani har na gaji. Na sayo na kasuwar Maradun wajen mai lasifikar nan da ke rantsuwa ƙwayarsa tana maganin tsutsa da basir da faɗuwar gaba. In na ba shi sai ya murmure, gashi ya kwanta, wutsiya ta miƙe. Kafin wata ya zagayo ya sake zubewa. Tsutsar nan halinta ɗaya da masu neman ƙuri'a, ka kore su bana, baɗi ga su nan da sabuwar hula.

Na buga babur, ya yi tari ya yi shiru. Babu mai. Layin gidan mai kuwa ya kai inda mutane ke shimfiɗa tabarma suna ƙulla auren 'ya'yansu. Sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina Malam Sadi, wanda da farko ya fi kowa tsanar kare, yanzu kuma minsharinsa ya fi na kowa ƙarfi albarkacin karen.

"Malam Sadi, ara mini baro."

"An tashi lahiya dai tukuna? Ya iyali? Ya gajiya?"

"Lafiya lau. Baro!"

"Mi za a ɗauka?"

"Barkono."

"Buhu nawa?"

"Karen, Malam!"

Ya yi salati ya dafe ƙirji. "Baron da nika ɗaukar gero da shi? To ɗauka. Amma in ya mutu cikinai, kai da baron duka kar ku dawo min." Na tura ke nan ya ƙara da ƙaramar murya, "Ka yi sauri dai. In wanga kare ya tahi, ni da barci sai lahira."

Haka na ratsa gari ranar Talata, ranar kasuwa, ina tura kare a baro kamar amarya. Masu shayi suna ta yi mini kirari. Ban kula su ba, na san inda na dosa: Cibiyar Tausayin Dabbobin Riƙo, wadda Mai Girma Uban Almakashi ya zo da jiniya ya buɗe bara. Allah ya ja zamaninsa, mutum ne da in ya ga ƙyalle a ɗaure hannunsa ke ƙaiƙayi. Ranar an ci shinkafa, an yi jawabi, an ce daga yau ko kyanwa ba za ta sake atishawa a yankin nan ba tare da kulawa ba.

Gini ya sha fenti, ba ƙarya. Awaki suna kwance a baranda suna tuƙa, su ne dabbobin da suka fara cin moriyar shirin. A ciki na sami Alhaji Dawo-Gobe, babban jami'in wurin, yana fifita da kalanda mai hoton Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, kare na kawo. Tsutsa ta shanye masa jini."

Ya leƙo daga inda yake zaune. "Madalla. Ka zo wurin da ya dace. Magani yana kan hanya."

"Wace hanya, ranka ya daɗe? In tare shi da baro."

"An riga an amince da shi."

"To a duba kashinsa mana. Ranar buki na ga an nuna madubin hangen ƙwayoyin cuta."

"Madubin ya tafi taron bita tare da shugaba."

"Shi madubin?"

"Ka dawo gobe."

Na dubi Barkono, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Shi ma ya san ba shi da goben da zai ba Alhaji aro. Na yi godiya, don ba a barin gaban manya ba godiya, na juya baro sai kasuwa.

A layin masu maganin dabbobi akwai shagon Dakta Farida, likitar dabbobi ce da ta gaji da jiran a ɗauke ta aiki ta buɗe nata. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta durƙusa ta duba dasashi, ta ɗebi kashin da na ƙunso a leda, ta leƙa a ɗan madubinta wanda bai taɓa zuwa taron bita ba.

"Baba, tsutsa mai ƙugiya ce. Maƙalewa take a jikin hanji tana shan jini. Nauyinsa nawa?"

"Wa ya taɓa auna kare, 'yata?"

"To da me kake auna maganin?"

"Da ido."

"Shi ya sa. Je ka auno shi."

Mai awon shinkafa ya rantse kare ba zai taka masa sikeli ba ko sama za ta faɗo. Da ƙyar muka daidaita: in hau ni kaɗai, in sauka, in rungumi kare in sake hawa. Jama'a, ni Ɗanasabe, mai furfura a gemu, a tsakiyar kasuwar Mafara, rungume da kare kamar jaririn da za a raɗa wa suna. Wani har ya ce Allah ya raya.

Da na dawo Dakta ta ba shi magani daidai nauyinsa, ta yi masa allura. Ni kuma na jingina da ƙofa ina sosa ƙafa.

"Baba, me kake ta susa tun ɗazu?"

"Ƙaiƙayi ne kawai."

"Mu gani."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙa ƙafa. A bayan ƙafar akwai wani jan layi siriri mai lanƙwasa, kullum na tashi sai in ga ya ƙara gaba. Ta ce 'ya'yan tsutsar ne, daga ƙasa suka huda fata suka shiga, suna yawo sun rasa hanya. Na ce to wannan ɗan kwangila ya cancanci lambar yabo. Hanyar ƙauyen su Lantana tun Hanifa tana goye ake yinta, ga wani nan a ƙafata ba jiniya ba jawabi kullum aiki yana ci gaba.

Ba ta yi dariya ba. "Ina kake ɗaure shi?"

Na gyara tsayuwa, don a nan kam ina da abin alfahari. "Wuri mafi daɗi a gidan. Gindin dogon yaro, inuwa ba ta ɗagawa. Nan ruwan wanke-wanke da na alwala ke gangarawa, ƙasar lub-lub. In zafi ya tsananta mai ɗakina takan ƙara yayyafa masa ruwa. Amana ce, ba ma wasa da ita."

"Kashinsa fa?"

"Mu ba ƙazamai ba ne. Yana yi muke rufewa da ƙasa."

Ta dafe kai. "Baba, ka shuka, ka rufe, ka yi ban-ruwa safe da yamma, ka sa inuwa. Ai gona ka buɗe."

Ta warware mini zance dalla-dalla. Ƙwan tsutsar a kashi yake fita. In ya sami ƙasa mai laima da inuwa sai ya ƙyanƙyashe. Kare ya kwanta a wurin, 'ya'yan su shiga ta fata, ko ya lashi ƙafa ya haɗiye su. Magani manyan da ke cikin hanji yake kashewa. Wasu ƙananan kuma laɓewa suke a cikin tsoka, sai an share manya su fito su hau kujerun da aka bari. Don haka ba a ba da magani sau ɗaya a tafi barci, sai an maimaita a kan lokaci, an sake duba kashi, in wannan bai ci ba a canza wani.

Wato ni da nake rubutu kullum ina kukan ruwan noman rani ba ya kai wa gonakin talakawa, ashe noman rani ɗaya da bai taɓa fashin ruwa ba a yankin nan yana bayan gidana.

"Zai tashi?" na tambaye ta.

"Jininsa ya yi ƙasa sosai. In ka mai da shi gindin bishiyar nan, ko maganin duniya ka ba shi ba zai kai kaka ba. Ka ba shi hanta. Kai kuma ka je a duba ƙafarka, ka riƙa sa takalmi."

Da na koma gida Lantana ta saurara har ƙarshe, sannan ta riƙe haɓa. "Hanta? Ni da nika yi maka tuwo shekara da shekaru, yaushe ka sawo min hanta?"

"Ke dasashinki ja ne."

"To Allah ya ba mu ciwon kare."

Ta faɗa ne kawai. Ita ta fara ɗaukar tsintsiya. Muka mai da Barkono kan dandamalin siminti ta gabas inda rana ke duka da safe, muka kafa masa 'yar rumfa. Muka karkatar da ruwan wanke-wanke. Kashi kuwa yana sauka nake kwashewa da shebur in kai masai, aikin da ban taɓa zaton zan yi wa ko ɗan cikina ba. Gindin dogon yaro muka kewaye shi da ƙaya, Dakta ta ce a sassabe rassan a bar rana ta gasa wurin. Rassan ne ban kai ga sarewa ba, don mai gatarin yana layin mai.

Kwanakin farko Barkono ko kai ba ya ɗagawa. Layinmu ya yi tsit. Malam Sadi ya rame, idanu sun yi zuru-zuru, kullum yana leƙowa ta katanga yana tambaya, "Ya mai jiki?" Har kan kaza ya aiko da shi a ɓoye. Mas'udu ya kira daga Bakura.

"Ya Barkono?"

"Yana hutawa."

Bafulatani ya san abin da hutun dabba ke nufi. "Ɗanasabe, in ya mutu kar ka ɓoye min."

"Ba zai mutu a hannuna ba," na ce, alhali ban san da me na dogara ba.

Muka maimaita magani ranar da Dakta ta sa. Muka sake kai kashi, ta ce ƙwai ya ragu, a ci gaba. Dasashi ya fara yin ruwan hoda. Ya ci hanta, ya lashe kwano, ya nemi ƙari. Amma haushi shiru. Har na fara tunanin ko tsutsar ta haɗa da muryar ta shanye.

Sai jiya da hantsi, ina tsaka da rubuta muku wannan, na ji wata tsawa daga dandamali. Barkono ne a tsaye, gashin wuya a miƙe, igiya kamar ta tsinke. Lantana ta rangaɗa guɗa. Malam Sadi ya yi kabbara ta bayan katanga. Na danna wa Mas'udu kira na ɗaga wayar sama. Ta cikin wayar na ji yana kiran matarsa ta zo ta ji.

Sannan na leƙa in ga wa ake yi wa haushin.

Wata doguwar mota ce mai baƙin gilashi a ƙofar gidana. Wani baƙo ya fito, shadda tana ƙara, tumbi ya riga shi isowa, mai ɗaukar hoto yana biye.

"Kai ne mai karen da Cibiya ta warkar?"

"Wace Cibiya, ranka ya daɗe?"

"Labari ya kai sama. Mai Girma da kansa zai zo ya ƙaddamar da karen a matsayin nasarar shirinmu ta farko. Za mu aiko da tankar ruwa a jiƙa gidan sosai saboda ƙura. Sai ka nuna mana wuri mai inuwa da manya za su zauna."

Tankar ruwa, jama'a. Mu da famfonmu ya zama wurin ɗaure akuya.

Na dubi Barkono a kan busasshen dandamalinsa, inda ba zan bari ko ɗigo ya taɓa ba. Na dubi gindin dogon yaro, inuwa lumshi, rassa ba a sare ba. Na russuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ga wuri can, duk gidan babu kamarsa. Yanzu zan janye ƙayar. A jiƙa shi da kyau. Sai dai a sanar da Mai Girma, al'adar gidanmu babban baƙo ba ya zama da takalmi."