Yadda Hambali Ya Ciwo Farantin Garau-garau a Tsakiyar Abuja

Da sunan Mai ciyar da tsuntsu a dawa da ma'aikaci a birni muke buɗe wannan babi. Ku gyara zama ku ji waƙi'ar Hambali ɗan Mudi ɗan Tanimu ɗan Barmo, tsatson mutanen Kazaure waɗanda ba a taɓa jin sun tashi sun bar loma a akushi ba, jikan wanda ya zauna da ƙwaryar fura shi kaɗai ranar suna, bai ɗago kai ba sai da ya ga gindinta. Hambali na Luba, dodon fayil, zakin bene na tara, mai sa hannu har biro ya nemi afuwa, akawun da kwamfuta ke gani ta ɗauke wuta!

Amma ba'adu. Wannan sadauki yana aiki ne a wani kamfanin inshora a tsakiyar Abuja, unguwar gilashi da kwalta, inda za ka yi tafiya har takalminka ya yi zafi ba ka ga mai ƙosai ko ɗaya ba. Kullum yakan fito daga Mararaba da kofin shayi a cikinsa, ya yi ta gwabzawa da lissafi cikin izza da jarumta. Abokiyar gabarsa guda ce tak, yunwar azahar. Ita kuwa ba ta aiko manzo. Da an sallame salla sai ta kawo hari, ta kafa sansani a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, ta buga tambura har na teburin kusa ya waiwayo. Burin Hambali a duniya bai wuce ya ci abincin rana ya ƙoshi, ya kuma koma gida da kuɗin mota ba.

Kada wani ya ce bai yi ƙoƙari ba, don ba zan lamunta ba. Ya taɓa kai farmaki wani gidan abinci mai sanyi da kiɗa a hankali. Aka kawo masa faranti mai faɗin faifai, shinkafar kuwa an kifo ta da ɗan kofi a tsakiya, an ɗora mata ganye guda. Yana cewa bari ya ɗanɗana, sai ya ga ashe ya cinye. Da aka faɗa masa kuɗin sai da ya dafa bango. Ya fito da yunwarsa cif, aljihu kuwa an yi masa sutura.

Daga nan ya nemi gudummawa daga gida. Matarsa Luba, Allah ya saka mata, ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka ta zuba a kula. A gangaren Nyanya direban bas ya taka burki irin na mugunta, murfi ya yi nasa wuri, miya ta sauka a kan farar shaddar mutumin da ke gefe. Mutumin bai yi zagi ba. Kallo kawai ya yi ta yi masa har aka iso, kallon da Hambali ya ce gara a mare shi. A ranar ce kula ta yi murabus.

Sai Allah ya buɗe masa basira. Yana tsaye a taga wata rana, ido ya faɗa, sai ya lura da wasu mutane suna ɓullowa daga kusurwa guda, direbobi da masinjoji, har da masu laƙataye, kowa na tafiya a hankali, leɓe na ƙyalli, tsinken sakace a baki. Wanda ya ci abincin gidan sanyi ba shi da abin da zai sakace. Ya yi tambaya a ofis, kowa ya kau da kai, don wurin a ɓoye yake saboda masu korar 'yan talla, kuma wanda ya sani ba ya son a yi masa yawa. Hambali ya ce shi ke nan, shi ma Allah ya ba shi ƙafa.

Ranar da aka ƙaddara, ana shafa addu'a ya zura takalmi, ya tsuke bel ɗinsa da rami guda, ya sauko daga bene kamar saukar aradu, yana cewa, "Yau ko ni ko ita!" Ya bi sawun masu sakace ta baya, duk inda suka fito nan yake dosa, ya keta titi mai faɗin kogi, motocin manya na zubo masa ham ta dama da hagu bai ko waiwaya ba, ya ratsa filin ajiye motoci inda rana ke dukan kwalta, kwalta na rama wa a tafin ƙafarsa, ya tsallake kwata, ya sunkuya ta wata ɓarakar shingen kwano da ta karɓi zakkar hannun rigarsa, har ya faɗa bayan wani kangon bene da aka daɗe da mantawa. A nan ƙamshi ya tare shi, sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ga Inna Tabawa, sarauniyar ludayi, zaune tsakanin manyan tukwane, tana zuba shinkafa da wake da mai da yaji, zubi irin na mai tsoron Allah. Kuɗin faranti bai kai na motarsa ta safe ba. Hambali ya shiga layi, ya kafe ƙafa, ya tokare wani ƙato da ya so ya kutsa ta gefe. Layi na tafiya, sai ya fara jin ludayi na kartar gindin tukunya. Da ya iso, Inna ta karkata tukunyar, ta kwashe masa abin da ya rage kaf, har da ƙanzo, ta malala mai, ta yanka albasa. Ya ɗaga murya da kuwwar nasara, "Inna, a ƙara yaji!" Ta ƙara, sannan ta kife ludayi ta ce ya ƙare. Rundunar da ke bayansa ta watse cikin baƙin ciki.

Ya ɗauki ganimarsa da hannu biyu, ya nufi benci, ya zauna, ya cika cokali har ya yi tozo, ya buɗe baki.

"Wa nake gani kamar Hambali?"

Jama'a, Alhaji Barau ne, mahaifin Luba, tsohon ma'aikaci mazaunin Suleja, zaune a ɗaya ƙarshen bencin da sandarsa, hannu babu faranti. Ashe ya shigo gari bin fansho, aka kwatanta masa wurin, ya iso an kife ludayi.

Wanda bai san mu ba zai ce to sai me. Sai me? Bahaushe ya tauna abinci a gaban surukinsa, a benci guda, ana ganin loma na wucewa ta maƙogwaro? Hambalin da tun ranar ɗaurin aure ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban dattijon nan ba! Cokali ya koma inda ya fito. Zakin bene na tara ya zame daga benci, ya tuɓe takalma, ya tsuguna a cikin ƙasa, ya shiga jero gaisuwa, ya tambayi mutanen gida da hanya da ciwon ƙafa, faranti na hannunsa yana turiri a hancinsa. Da gaisuwa ta ƙare aka rasa abin faɗa, sai bakinsa ya ci amanarsa, ya ce ai tun daga nesa ya hango Baba, shi ne ya karɓo musu.

Dattijo ya karɓa, ya yi ta sa albarka. Amma shi mutum ne mai adalci. Ya dubi tudun shinkafar, ya ce wannan ya fi ƙarfin tsoho, a kawo wani cokali.

"Matso mu ci tare, ai kai ɗa ne."

Faranti ɗaya da suruki! Hambali ya ji kangon na juyawa da shi. Ya duba gabas ya duba yamma, babu mafita, sai ya jefa makaminsa na ƙarshe.

"Azumi nake yi, Baba."

Alhaji Barau ya ajiye cokali, ya yi lissafi a ransa, ya ga ashe yau Alhamis. Ya ce a wannan zamani, a wannan gari, a sami yaro mai azumin Litinin da Alhamis, kuma yana ɓoyewa! Ya juya ya shaida wa Inna Tabawa, ya shaida wa direbobin da ke wurin, kowa ya dubi Hambali da girmamawa. Nan take ya ciro waya ya kira Luba, ya yi mata faɗa a kan ba ta taɓa gaya masa ba, ya umarce ta da ta riƙa kula da sahur ɗin mijinta, kada ta kuskura ta sa masa abinci a gaba a ranakun nan.

Sannan ya ci. Wallahi ya ci. Ya ci a tsanake irin na mai fansho, yana ba Hambali labarin kowace loma: waken ya nuna luguf, man gyaɗar na gaske ne, ƙanzon nan kuwa rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Hambali na tsugune yana cewa madalla, tamburan cikinsa na amsawa, shi kuwa yana rufe su da tari. Azumin da ba a yi niyya ba, ga shayin safe a ciki, ko ladan ma babu.

Da faranti ya yi fes, dattijo ya miƙe, ya dafa kafaɗar gwarzon, ya ce wurin nan ya yi masa, nan zai riƙa cin abincin rana kullum har fayil ɗinsa ya fito. Duk wanda ke wurin ya san fayil ɗin fansho ba ya gaggawa.

"Ranar Litinin ma na san kana azumi," in ji shi, "amma ka daure ka zo da wuri ka karɓar mini. Ka fi ni ƙarfin layi."

Hambali ɗan Mudi ɗan Tanimu ɗan Barmo ya ce to, Baba. A nan aka naɗe tuta, ya sa takalmansa, ya ɗauki farantin ya miƙa wa Inna.