Yadda Ake Zama Dokta da Kuɗin Albasa

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin a gama tsinkar tumatirin rani za a riƙa gaishe ka da hannu biyu a kasuwar Kura. Ni Maharazu na gwada a 2007, shekarar da kowa ya haukace da sayen hannun jari.

1. Sayar da albasarka

Kai kuɗin wurin Nikolas, dillalin hannun jari da ke zama gefen injin casar shinkafa. Ce masa kamfanin ƙasar waje kake so, mai binciken maganin ciwon daji ta hanyar amfani da haske. Zai ce ana sa wa majiyyaci magani, a haska wurin, ciwon ya mutu, amma har yanzu gwaji ake. Wannan na ƙarshen kada ka ji shi.

2. Shirya wa maiɗakinka amsa

Tawa, Baraka, cewa ta yi, "Malam, ina injin ban-ruwan da ka ce za ka saya?" Na nuna mata takardar hannun jarin. Ta ce, "Ita za ta jawo ruwan daga kanal?" Yi murmushi kawai. Manyan masu jari ba sa gardama kafin a sauke tuwo.

3. Sayi tabarau

A majalisa ka riƙa cewa "kamfaninmu". Idan Baballe mai taki ya kira ka Dokta, kada ka musa.

4. Idan abin ya iso ƙofar gidanka

Wata safiya Gwaggo Asta, ƙanwar mahaifina, ta zo daga Bunkure da sabuwar tocila a ƙunshe cikin mayafi. Ta yi ƙasa da murya: "Ɗan nan, wata huɗu ke nan ina da ƙullutu a hammata. Ban gaya wa kowa ba. An ce aikinku ne. Har batir na sayo."

Nan sai ka ji kunya ta rufe ka. Ce mata, "Gwaggo, wallahi ni albasa na sani."

5. Tayar da babur

Kai ta asibiti a Kano, ka bi mata layi. Mu likita ya ce mun zo da wuri, aka yi mata aiki. Ta dawo da ƙafarta tana shaida wa duk Bunkure ni na warkar da ita. Musanta har ka gaji, ba mai saurarenka.

Gargaɗi

Tun ranar, kowace Litinin sai na tarar da tsofaffi zaune a ƙofar gidana suna jiran a kai su Kano, gona kuwa ciyawa ta cinye. In haka ta same ka, babu ruwana. Fetur ma kai za ka zuba.