Dokta Gada Ya Ziyarci Al'umma

Garinmu ya yi dace da Dokta Zwelibanzi Ntshinga, Babban Daraktan Ofishin Daidaiton Launin Fata da Raya Ilimin Al'umma na jami'ar da ke kan tudu. Sunan ofishin kaɗai sai da aka ƙara wa ƙofar faɗi kafin ya samu wurin zama. Shi ne gada tsakanin farare na kan tudu da mu baƙaƙe na cikin kwari, da bakinsa ya faɗa, shi ya sa muke kiransa Dokta Gada. Gada ce mai kyau ƙwarai, sai dai har yau ba mu ga wanda ya tsallaka ta kanta ba.

A unguwarmu aka haife shi, a layin bayan tashar mota. Yanzu kuwa idan zai ambace mu sai ya lumshe ido ya ce "al'umma", kamar mai kiran sunan wata ƙasa da ya taɓa gani a taswira.

Mama Nokhaya Mpongoshe, shugabar sakandarenmu, abu ɗaya take nema a wurinsa. 'Yan ajin ƙarshe arba'in da uku ba su da malamin lissafi, jarrabawa saura mako bakwai. Ɗaliban jami'a goma sha biyu sun rubuta sunansu za su zo su koyar kyauta. Sa hannun Dokta kawai ake jira. Sau huɗu tana hawa tudun da ciwon gwiwarta, sau huɗu yana ba ta shayi da ƙasida.

"Mama, ba a fara koyarwa kafin a yi bikin ƙaddamar da shirin," ya ce. "Daidaito ba abin gaggawa ba ne. Tafiya ce ta tunani."

Ya sa ranar ƙaddamarwa Asabar da hantsi, a zauren makarantarta, saboda ran nan ne baƙi masu ba da tallafi za su iso daga Turai. Mama ta tuna masa cewa Asabar a wurinmu ranar jana'iza ce, ko akuya ta san haka. Ya yi murmushin tausayi, ya ce bincikensa na shekara uku ya nuna al'umma ba ta da uzuri ranar Asabar. Ta kalle shi ta ce, "To, Zweli." Ya gyara mata da cewa Dokta ne.

Ranar ta zo. Kujera ɗari biyu, mutum biyu a kansu: mai gadi da mai ɗaukar hoto. Dokta na share zufa, baƙi na duba agogo, sai ga waƙa tana tashi daga layin gaba. Ya leƙa, ya hango katafariyar rumfa ta tare titi, mutane maƙil, mata cikin kayan coci. Nan take fuskarsa ta washe. Ya juya ya shaida wa baƙin cewa al'umma ta ga zauren ya yi mata kaɗan, ta shirya masa tarba irin ta gargajiya.

Mun dawo daga maƙabarta ke nan, muna layin wanke hannu a bahon da ake ajewa a bakin ƙofa. Dokta ya ratsa layin ya tsoma hannu, yana yi wa Turawa bayanin cewa haka muke karrama manya. Su ma bayin Allah suka wanke. Kafin wani ya ankara ya kama lasifika.

"Jama'ata! Na ga idanunku sun yi ja. Na san kun daɗe kuna jiran wannan rana!"

Wallahi ni kunya ta kama ni har cikin takalmi. Minti ashirin yana zuba, ga hoton mamacin a kan tebur dab da gwiwar hannunsa, bai ko waiga ba. Matar mamacin ta ɗaga mayafi ta tambayi ta kusa da ita ko wannan ɗan Nomvume mai sayar da ƙafar kaji ne. Aka ce shi ne. Ta ce tun yana yaro ba ya gane inda aka aike shi.

Mama Nokhaya ce ta zare wayar lasifikar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zweli, dattijonmu Tata Mgijima muka binne. Shi ya koya maka lissafi. Ya yi ritaya shekara tara, amma shi yake zuwa da sandarsa yana riƙe min yaran nan kullum da yamma, kafin ka gama tafiyar tunani."

Daga nan ta wuce Dokta, ta nufi ɗaliban nan goma sha biyu da aka kawo su riƙe allunan maraba. Ta zuba musu masara da wake da naman tunkiya, ta ce Litinin ƙarfe biyu. Ranar Litinin suka zo a motar haya, ba tare da sa hannun kowa ba.

Bayan wata guda mujallar ofishinsa ta fito. Ga Dokta da lasifika, ga mu a bayansa muna share ido. A ƙasa an rubuta: "Al'umma ta zubar da hawayen farin ciki."