Rasuwar Guntu, Littafin Gindin Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulƙarim Tela na Mabai nake sanar da jama'ar Kankara, Faskari har Sabuwa rasuwar abokin zamana, littafin labarin nan da aka fi sani da Guntu. Ya cika ranar Talata a cikin gafakarsa, yana da shekara shida a hannuna.

Marigayin ya zo mani daga wurin awon auduga a Faskari, shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci. Ba bango, ba suna, shi ya sa aka laƙaba masa Guntu. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar maganarsa shaf, shaf, in an lashi yatsa an juya shi. Amma da wannan 'yar muryar yake tara magidanta goma sha a gindin tsamiyar ƙofar gidana kullum bayan la'asar, abin da ni ban taɓa iyawa ba ko ranar da na yanka rago.

Ya bar magada. Akwai Maharazu mahauci, wanda ya rantse kibiyoyin maharbin cikin labarin bakwai ne, da Ɗanliti manomi, wanda ya kafe a kan tara. An karanta musu wurin ya fi sau ashirin, takwas ne, ba wanda ya sauka. Akwai maƙwabciyata Mero, mai sauraro ta bayan zana, wadda ke tofar da yawu duk aka ambaci falken da ya ci amanar maharbin, har ta hana a raɗa wa jikanta irin sunansa. Sai Hadi, da ya taɓa tasowa daga Pauwa a ƙafa don kawai ya ji ko karen maharbin ya rayu.

Ciwon ajali ya fara ne daga gadon baya, inda takardunsa suka soma rabuwa. Na ɗinke shi, na kai wa baduku ya yi masa rigar fata. Da fatar ta bushe sai na shafa mata man shanu, yadda ake yi wa takalmi. Gata na yi niyya. Ɓeraye suka bi ƙamshi, suka fara da riga, suka gama da mai riga. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Na ce wa jama'a kada su damu, labarin yana kaina daga farko har ƙarshe. In za a faɗi gaskiya ma, shekara biyu ke nan idona ya yi rauni, riƙe shi kawai nake ina juyawa, ba wanda ya lura. Maharazu ya ce in ba takarda ai tatsuniya ce, kuma ba a tatsuniya da rana, balle masu gemu. Laraba mutum uku suka zo. Jiya daga ni sai keken ɗinki. Kewa ta dame ni, ba zan ɓoye ba.

Za a yi jana'iza yau Juma'a bayan la'asar. An tattara abin da ya saura, bai cika tafin hannu ba, an naɗe a farin ƙyalle. Ba za a zubar a juji ba, tunda rubutu ne. Za a binne shi a gindin tsamiya, zaman makoki ma a nan ne. Ba a buƙatar goro ko hatsin sadaka. Wanda gaisuwa ta yi wa nauyi, ya zo da musu ma an karɓa. An saba tashi a kwana uku, amma ni ban sa ranar naɗe tabarma ba.