Sarauniyar Takobi a Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka sa wa Balki ƴar kawuna lalle a Madarumfa ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Lokacin na dawo hutu daga jami'a a Yamai, boko ya kumbura mini kai. A jakata akwai katunan duba na Turawa da ake kira tarot, wata ƴar Kwatano da muke ɗaki ɗaya ce ta ba ni. Ban yarda da su ba (haka dai nake gaya wa kaina don zunubin ya yi sauƙi), amma na haddace ma'anarsu fiye da darussana. Da mata suka cika ɗakin amarya, sai na baje su a tabarma. Wannan ta ja, in ce tafiya. Waccan ta ja, in ce saurayi mai mota, ana ta shewa.

Can a lungu Yaya Rabi ke zaune, matar Mamman mai kai kifi Ɗan Issa a babur. Na san ta da surutu, amma ranar shiru take, ta kuma rame. Na ɗauka zazzaɓi ta yi.

"Yaya Rabi, zo ki ja naki."

"Bar ni, ƙanwata."

Na nace, har na kai mata katunan gabanta. Balki ta yi ta zungurina da gwiwa, don hannuwanta na ƙunshe da lalle, ni kuwa na matsa gefe na ba ta wuri.

Rabi ta ja. Mace ce a kan karaga, takobi tsaye a hannun dama, hagun a miƙe, gajimare a bayanta, tsuntsu ɗaya a sama. Na gyara murya kamar malama a aji.

"Sarauniyar Takobi ke nan. Gajimaren baƙin ciki ne da ta sha. Tsuntsun nan shi kaɗai, kaɗaici ne. Takobin kuma hankalin da wahala ta wasa. A taƙaice dai, katin matar da mijinta ya mutu ne." Na tuntsire da dariya. "Ki ce wa Yaya Mamman ya rage gudu a babur!"

Dariyata ita kaɗai ta fita. Har kiɗan ƙwarya na tsakar gida sai na ji kamar daga wani gari yake zuwa.

Rabi ta daɗe tana kallon katin, sannan ta ce, "Wannan hannun da ta miƙa fa, me take jira?"

Na ce ban sani ba.

"Gawa take jira. Ni ma haka na tsaya a ƙofar gida."

Balki ce ta raɗa mini sauran. Ƴan bindiga sun tare Mamman a hanyar dawowa, suka kashe shi, suka tafi da babur. An ɓoye mini saboda ina jarrabawa. Rabi ba ta daɗe da fita takaba ba, kuma da ƙyar aka lallaso ta zuwa bikin don ta ɗan ga mutane.

Rabi ta aje katin a cinyata a hankali, ta gyara hijabi. "Ba laifinki, ba ki nan," in ji ta, ta fita. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin magariba labari ya zaga dangi. Goggo ta tare ni gaban surukai: "Ashe bokanci aka tura ki koyo a Yamai?" Da hannuna na zuba katunan a murhun tuwon biki, tana tsaye a kaina. Washegari Inna ta tasa ni gaba zuwa gidan Rabi yin ta'aziyya. Ni mai fassara gajimare da tsuntsu, na durƙusa na kasa haɗa "Allah ya jiƙansa" sai da Inna ta ƙarasa mini.

Tun daga nan, duk sanda na dawo gida, ba na buɗe baki a cikin mutane sai na zaunar da Inna ta faɗa mini waɗanda suka rasu bayan tafiyata. Abin takaicin, ba ta taɓa cewa babu ba.