Girkin Safara'u

A bakin kakana, Malam Nu'uman, na fara jin sunan Safara'u, ina 'yar shekara biyar ko shida. Duk ranar da tuwo ya yi gudaji, ko miya ta kama, ko ya tauna tsakuwa a cikin wake, sai ya ajiye lomar ya ce, "Yau kuma girkin Safara'u aka yi mana." Na taso da yaƙinin cewa a duk ƙasar Katsina babu macen da ta kai wannan baiwar Allah ɓata abinci. Sai da na girma, na fara rubuta dangantakar gidanmu a bayan littafin makaranta, sannan na gane ko wace ce. Taubashiyarsa ce, ɗiyar ƙanwar mahaifinsa, abokiyar wasansa tun suna yara, wadda a al'adar wasan yake kira baiwarsa. An kai ta aure Maraɗi tun ba a haifi babana ba. Bara muka ji ta dawo Katsina wajen ɗanta, amma kafin mu je gaishe ta damina ta same mu.

Ruwan kwana biyu aka yi, katangar gidanmu na Gobarau ta zauna, zaure ya bi ta. Babana ya kwashe mu zuwa unguwar Kambarawa, gida mai get da tayil, aka ba Kaka ɗaki mai fanka shi kaɗai. Kowa ya ce ya huta.

Tun ranar da muka tare ya daina cin abinci. Ba ya cewa ba zai ci ba. Zai yi loma biyu, ya ce "Allah shi yi albarka," ya ture. Cikin mako uku hularsa ta fara sauko masa har kunne. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Abin da ya fi tsorata ni, ko sau ɗaya bai ƙara cewa girkin Safara'u ba.

Ni kuwa na ɗauka bakinsa ne bai saba da unguwar ba. Na buɗe sabon shafi, na shiga tambayar maƙwabta inda ake cin abinci. Na rubuta mai shayin bakin titi, da Siddiq mai tsire, da mai furar da ke zama kusa da masallaci, da wani gidan abinci mai labule inda ake sakwara. Kowanne na je na sayo a leda, in juye a faranti, in sa cokali, in kai masa ɗaki, in ja masa ƙofa don ya ci a natse. Haka nake dawowa in ɗauke abina.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ce in gwada wainar Hajiya ta bayan masallaci. Na je da hantsi. Rumfa ce ƙarƙashin wata babbar bishiyar bedi, wato darbejiya, da tabarma biyu, da tanda a kan murhu. Hayaƙi na hawa a hankali yana ratsa ganye, rana na saukowa ta cikinsa zare-zare. Tsohuwar ba ta dubi kwanon da na miƙa ba, kunnuwana ta duba.

"Waɗannan kunnuwan na gidan kawuna ne," ta ce. "Ɗiyar wa ce ke a wajen Nu'uman?"

Na ce jikarsa ce, sunana Ummi. Na gaya mata halin da ake ciki. Ta mayar mini da kwanona babu komai.

"Ba ni zuba mishi. Tahi ki ce Safara'u ta ce ƙafarshi ba ta iya kawo shi bayan masallaci."

Haka na faɗa masa, ban rage ba. Ya ɗauki hula, ya ɗauki sanda.

"...da gida, da iyali, da baƙunta?" Tun daga nesa ta tare shi da gaisuwa, tana juya waina ba ta ɗago ba.

"Lahiya lau, baiwar gidanmu. Baƙunta kuma a Katsina? Ke da kika kwashe shekara hamsin a wata ƙasa za ki tambaye ni baƙunta?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube shi daga hula har takalmi, na ga hannunta ya tsaya a kan tanda.

"Ɗan kawu, ina sauranka? Ummi, a ina kika baro rabin mutumen?"

"Rabin ya ji ke ce mai girkin, ya ce shi ba ya zuwa."

"Mi ya kawo wannan rabin?"

"Hayaƙi na hango. Na ce bari in zo in taya unguwa kashe gobara."

"Zauna kada iskar bedi ta kai ka Jibiya."

"Baiwa ba ta ba ubangidanta wurin zama. Shi ke zaɓa." Ya zaɓi daidai inda ta nuna masa.

"Baiwa ta samu 'yanci tun ranar da ubangidan ya koma sanda da hula. An ce katanga ta faɗa muku?"

"Ta faɗi. Laihin magina ne. Da da wainarki suka yi tubali, da jikokin Ummi sun gaje ta."

"Da ka aiko ai da na ba ka. Kai da ka cinye malmala uku na tuwona na farko, ina shekara tara, ka lashe akushi, aka ce ya ƙare ka sa kuka."

"Kukan azaba ne."

"Ka nemi ƙari."

"Don in ceci sauran yaran gidan."

Wasu dattawa biyu da ke zaune a ɗaya tabarmar suka sunkuyar da kai suna dariya. Daga baya na san su. Malam Lawal tsohon malamin firamare ne da ya dawo wajen ɗansa daga Dutsin-ma, Salisu kuma mai gadin wani gida ne, mutumin wani ƙauye a bayan Rimi. Su ma baƙi ne a unguwar kamarmu.

"To, sarkin baki," in ji Hajiya Safara'u, "an kawo maka abincin Kambarawa kaf a leda, ka ce ba ka so. Ina ne ake abincin da ya isa ka ci?"

Kaka ya jingina da bedi ya lumshe ido. Muryarsa ta sauka.

"Hurar Tani, a Ƙofar Guga. In ka sha ludayi ɗaya da hantsi, har la'asar kana jin ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ko da rani ne."

"Ƙarya. Har azahar dai."

"Har la'asar. Sai ƙosan Kulu na bakin lungunmu. Don rashin nauyi sai an kife shi da faifai. Ran nan iska ta ɗaga faifan, guda uku suka tashi. A kan hasumiyar Gobarau aka same su, tantabaru sun kewaye su suna kallo."

"Huɗu ne. Ni na ga na huɗun, ya bi ta kan gidanmu ya yi arewa. Shi na bi har Maraɗi."

"Shi ya sa ba ki dawo ba."

"Ban same shi ba ne."

"Sai tsiren Yahaya," ya ci gaba, idonsa a rufe. "Kuliyoyin unguwa uku sun san ranar da ba shi da lahiya. Sai ka gan su jere a ƙofar gidanshi sun zo dubiya."

Hayaƙin ya karkato ya bi ta tsakaninsu. Na tsaya da littafina a hannu, na rasa ko in rubuta waɗannan wuraren a ƙarƙashin mai shayi da gidan sakwara. Sai na ji kamar in na waiwaya zan ga lungun namu a bayan masallacin nan, da Kulu a bakinsa ta danne faifai da hannu.

"Ina Tani yanzu?" ta tambaye shi a hankali.

"Ta rasu."

"Kulu?"

"Allah shi jiƙanta."

"Yahaya?"

Ya buɗe ido, ya girgiza kai.

"To ka gani, ɗan kawu. Masu iyawa duk sun tahi. Mu marasa iyawa Allah ya bar maka."

Ta kwashe wainar da ta yi, ta shafa mai, ta zuba wani ƙullun. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke, ya kike ba shi abincin?"

Na faɗa mata: faranti, cokali, ɗaki, in ja ƙofa.

"Ki ja ƙofa?"

"Don ya ci a natse, Hajiya."

"A Gobarau a ina yake ci?"

A zaure yake ci. Tun da na yi wayo, in an idar da magariba kowane gida a lungunmu zai fito da kwanonsa, maza bakwai su kewaye, a buɗe wannan a cinye, a jawo wancan. Ciyayya. Ni da kaina nake kai akushin gidanmu in ajiye a bakin zaure. Na rubuta sunayen kakanninmu har bakwai a littafina, amma ban taɓa lura cewa ban taɓa ganin Kaka yana ci shi kaɗai ba.

"Wannan da kike gani," ta ce tana nuna shi da cokalin juya waina, "tun da aka yaye shi yunwa ba ta taɓa sa shi cin abinci ba. Ƙyashi ke sa shi. Sai ya ga hannun wani ya nuhi tsoka sannan cikinshi ke tunawa da shi."

"Sharri ne. Ni mutum ne mai kunya."

"Za mu gani."

Ta ɗauko babban kwano ta jera waina, ta kwarara miyar taushe, ta ɗiga man shanu. Tsoka ɗaya tak ta sa, a tsakiya. Ta ce in ajiye a gaban dattawan nan biyu.

"Malam Lawal, Salisu, ku ci abinku. Wannan baƙon kallo ya zo."

"Bismillah, Malam," in ji Salisu, ya matsa ya bar wuri.

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Suka sa hannu. Kaka ya dubi bedi, ya dubi masallaci, ya dubi sandarsa. Malam Lawal ya ci ta gabansa, ya ci ta gefe, sannan yatsunsa suka fara tafiya a hankali zuwa tsakiyar kwano.

"Ummi," in ji Kaka, "miƙo mini butar nan."

Na miƙa.

"Ba ci zan yi ba," ya ce yana wanke hannu. "Shaida zan zama. In an kwashi bayin Allah nan zuwa asibiti, a samu mai yi wa likita bayani."

Ya matsa. Ya gutsuri waina, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Gishiri ya yi yawa."

"Jiya ka ce ya yi kaɗan," in ji ta.

"Jiya ban zo ba."

"Shekara sittin da suka wuce. A wajena jiya ne."

"Wannan ta ƙone."

"Aje ta."

"Na riga na taɓa ta. Malam, kai daga ina? Dutsin-ma? To a Dutsin-ma baƙo ake bar wa tsoka ko mai gida?"

"Ai duk baƙi ne mu a nan, Malam," in ji Malam Lawal.

"To wanda ya zo ƙarshe ya fi baƙunta."

Ya ɗauki tsokar. Ya dube ta, ya yaga ta uku, ya tura wa kowa tasa. Na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Waina shida ya ci. Ta bakwai ya ce don kada a ba almubazzaranci hanya ne.

"Ya ka ji?" ta tambaye shi da ya wanke hannu.

"Tun da nake ban taɓa cin mai muni irinta ba." Ya gyara hula, ya dafa sanda ya miƙe. "Gobe da wane lokaci kike fara ɓata ƙullun?"

Dariya ta kama ta har ta saki cokalin a cikin toka.

"In an fito sallar asuba. Ka zo da wuri, masu ƙyashi na da yawa."

"Ummi, gobe ki taho da akushin nan na zaure, wanda muka ciro daga ƙarƙashin ƙasa. A bar shi nan. Kwanon silba ba ya rufa wa mugun girki asiri."

Akushin yana can har yau, baƙi, da tsaguwa ɗaya a baki. Masu kewaye shi sun kai shida, kuma yanzu da magariba ma sukan fito da kwanukan gidajensu ƙarƙashin bedin. Hular Kaka ta koma inda take zama. In sababbin maƙwabta suka tare suka tambaye ni inda ake cin abinci a Kambarawa, nakan buɗe musu shafin nan, mai shayi da mai tsire da mai fura duk suna nan. Amma nakan fara tambaya ko akwai tsoho a gidan, kuma da wa yake ci a inda suka baro.

A ranar farkon nan, da Kaka ya yi gaba yana dogara sanda, na tsaya ɗaukar buta. Hajiya Safara'u ta kama wuyan hannuna. Tafinta da ɗumin tanda. Ba ta dube ni ba, bayansa take kallo.

"Abu ɗaya nake so ki yi mini, ɗiyata. Ki riƙa saurara mini bakinshi. Muddin shina zagin girkina, lahiyarshi lau. Ranar da kika ji ya ce wainar Safara'u ta yi daɗi, ko tanda na kan wuta, ki zo ki faɗa mini."