Ranar da Na Kusa Ƙona Kakana

"Jama'a, a buɗe hanya! Ga Sarauniyar Mita, mai haƙori uku da rabi, uwargidana tun kafin a haifi ubana!"

Haka na tarbi Kaka da ta turo ƙofar ɗakin da nake gwaji, alhali ba kowa sai kujeru. La'asar ce, amma na toshe tagogi da barguna, duhu kamar cikin tulu. Wasana ke nan: in kunna majigi gaban 'yan kallo, in riƙe zaren fim da hannu har zafin fitila ya narkar da hoton a bango suna gani. Gobe za a yi.

"Miji ko ɓarawo?" in ji ta. "Ina gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona?"

"Aro na yi, tsohuwa. Kayan mata ai na miji ne."

"Mijin da ko kuɗin cefane bai sani ba! Mutane na gyara fim, kai kana gasawa. Wannan sana'a ce ko aljanu?"

"Fasaha ce. Har tafi ake yi mini."

"Mahaukaci ma in ya yi rawa a kasuwa ana yi masa tafi. Kashe abin nan, ƙararsa kamar ana niƙa ƙashi."

Maimakon in kashe, sai na ƙara haske don in tsokane ta. Kwatsam sai ga marigayi Kakana a bango, saurayi, riƙe da keke, yana dariya ba sauti. Ashe shi ke cikin zaren da na ɗauko daga gwangwaninta. Ban duba ba kafin in ɗaura.

Kaka ta saki sandarta.

"Kai," ta ce, "ba ni da wani sai wannan."

Injin ya yi gyatsa, ya cije. Kakana ya tsaya cak yana kallonmu. Na san daƙiƙa nawa hoto ke yi kafin ya narke. Wani jan ɗigo ya tsiro gefen kansa, yana faɗaɗa kamar wuta a tabarma. Ƙauri ya cika ɗakin.

"Innalillahi! Za ka kashe mini shi sau biyu?"

Na fizge waya daga bango, na cusa yatsu na zaro zaren da zafinsa. Duhu. Ba abin da nake ji sai numfashinta.

Na yaye bargo ɗaya, na ɗaga zaren ga haske. Na naɗe shi, na durƙusa na miƙa mata.

"Na tuba, ranki ya daɗe. Abokin kishina ya yi nasara, na bar masa ke. Hoto ɗaya ne ya taɓu, kunnensa na hagu kawai."

Ta karɓa, ta soke a haɓar zani.

"Kunne? Dama bai taɓa jin magana da shi ba. Miƙo mini sandata."